Wilin Gaba na Dama

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Littafin nan don ayyukan shago na saye shi, amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan maganar, shi ya sa na juya shi ta baya na fara rubutu.

Yaya ya kira ni da rana, ina tsakiyar miƙe wani wilin mota a kan inji. Yaya ba ya kira sai in yana son abu. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Akwai mutane kusa da kai?" Na ce ni kaɗai ne. Ya ce farar motar nan da ya sayar wa wani malamin makaranta watan jiya ta yi haɗari ranar Lahadi a babban titi. Ta saki hanya ta wuntsula sau biyu. Malamin ya fito da 'yar ƙujewa a goshi. Matarsa na asibiti.

Na ce, "Da ranta?"

Ya ce, "Da ranta mana. Rami ya faɗa, sabon direba ne, ka san halinsu." Ina jin yana tauna wani abu a wayar. Sannan ya ce, "Kai dai ba ka taɓa ganin motar nan ba. Ka ji ni ko?"

Na ce na ji.

Ban tambaye shi wace taya ce ba. Shi ma bai faɗa ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu

Wili huɗu aka kawo yau. Ban taɓa ko ɗaya ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Shekara ashirin da biyu ina gyaran wilin aloyi, ƙarfen nan mai ƙyalli da taya ke zama a kai, ban taɓa jin warin shagon nan ya dame ni ba sai wannan makon. Warin fenti, warin filar da muke cike rami da ita, ƙaurin alminiyam in ya sha wuta. Na buɗe ƙofa na buɗe taga, duk da haka yana maƙale a maƙogwarona.

Mai Faci, tsohon da shagonsa ke manne da nawa, ya leƙo ya ce, "Likitan wili, yau ba a duba marasa lafiya ne? Ga su can jere a ƙofa suna nishi." Na yi yaƙe. Ya kawo mini shayi, na ajiye har ƙuda ya faɗa ciki.

Bari in rubuta abin da duk wanda ya yi wata shida a sana'ar nan ya sani. Wili in ya lanƙwashe a baki, ana ɗumama shi a miƙe. In ya tsage a leɓen ciki, tsaga ƙarama, ana iya yi masa walda. Amma in tsagar a ƙafa take, wato sandunan nan da suka riƙe tsakiya da baki, waɗanda ke ɗauke da nauyin motar gaba ɗaya, to wannan wilin ya mutu. Ba walda, ba dabara. A jefa shi bayan shago, 'yan gwangwan su kwashe. Maigidan da ya koya mini aiki da guduma yake fasa irinsu, don kada wani ya tsinta ya yi kwaɗayi.

Na san wannan. Na koya wa wasu ma.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Mun je gidan Inna cin abincin rana kamar kowace Asabar. Yaya ya zo cikin sabon yadi, turarensa ya riga shi shiga ɗaki. Ya ci faranti biyu. Na zauna ina kallon yadda maiƙo ke bin gefen bakinsa, yana suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana ba Inna labarin wani mai saye da ya zo wurinsu bai san bambancin birki da totur ba. Inna tana ta dariya har da riƙe ciki.

Wannan mutumin shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Shi ya kai ni koyon aiki, shi ya saya mini injin farko. Duk motar da ya sayo ta hannu, ni nake gyara mata wili in fesa fenti ta fito kamar amarya kafin ya kai ta wurin sayarwa. Ban taɓa ce masa a'a ba. Sau ɗaya na fara, ranar da aka yi ruwan saman nan, ban ƙarasa ba.

Da zan tafi ya bi ni har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata da hannun da bai gama wankewa ba. "Ka saki fuskarka, Ƙarami. Sai ka ce kai ka tuƙa."

Da na dawo gida na cire rigar na jefa a bokiti.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Mutuniyar tawa, uwar yarana, ta ce me ya samu hannuna. Na wanke da fetur, na wanke da omo, har fatar ta tsattsage. Na ce mata sabon sinadari ne. Ta dube ni ta ce, "Shekara goma sha shida ina zaune da baƙin farcen nan, yau ne ka ga datti?"

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya zo.

Wajen ƙarfe goma wani siririn mutum mai tabarau ya tsaya a ƙofar shago da buhu a kafaɗa. Filasta a goshinsa. Tun kafin ya yi magana na gane malamin nan ne. Ya yi sallama a ladabce, irin ta mutanen da suka saba tsayawa gaban allo. Ya ce mai motar janwen da ya ɗauko motarsa ne ya kwatanta masa ni, wai duk garin nan babu wanda ya san wili kamata.

Ya sauke buhun ya zazzage. Wilin ne, gida uku ya rabu. Tsakiya daban, da nocinta biyar har yanzu a ramukansu, baki daban, sai gutsuren ƙafa ɗaya. Fentin azurfan yana ta ƙyalli abinsa.

Ya ce, "Maigida, ba gyara na kawo ba, na san ya wuce gyara. Tambaya na kawo. Ramin ne ya fasa shi, ko fashewa ya yi kafin ramin?"

Na ce, "Me ya sa kake tambaya, Malam?"

Ya zauna a kan tsohuwar taya ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce a kan sittin yake tafiya, wallahi bai haura ba, don har matar tana tsokanarsa wai masu keke na wuce su. Sai ya ji ƙas, kamar an karya busasshen ice, motar ta durƙusa ta gefen dama, gefen da take zaune. Bayan haka ne suka isa ramin. Ya gaya wa jami'an hanya, suka rubuta gudu. Ya gaya wa surukinsa, surukin ya ce kada ya ƙara yi masa magana, kuma in an sallame ta gidansa zai wuce da 'yarsa.

"Yanzu har ni na fara shakka," in ji shi. "Wataƙila gudun na yi. Wataƙila kaina ne ya ƙirƙiro ƙarar don in samu sauƙi."

Na ce, "Ya jikin nata?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "An yanke ƙafa, ta dama, ƙasan gwiwa. Tela ce. Da ita take taka keken ɗinki."

Na ɗauki gutsuren ƙafar na juya shi. Ban buƙaci kai shi haske ba. Na ce masa aiki ya yi mini yawa, ya bar shi nan, ya dawo ranar Litinin mai zuwa. Ya yi godiya. Har sau uku ya yi godiya. Ya ce Allah ya saka mini da alheri.

Yana fita na zagaya bayan shago na yi amai a kan tarin matattun wili.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ta dama. Ƙasan gwiwa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar

Na je wurin Yaya. Na same shi a ƙarƙashin rumfa tsakanin motoci, ana goge masa takalmi. Na ja shi gefe na gaya masa Malam ya kawo wilin shagona.

Da farko ya firgita. Sai kuma ya fashe da dariya. "Wurinka ya kawo? Kai, Allah na son mu! Duk garin nan bai ga inda zai kai ba sai wurinka? To ai shi ke nan. Ka ce masa rami ne. Ka ce ka duba sosai. Gutsattsarin kuma ka ba 'yan gwangwan yau yau su narkar, ka ce masa an kwashe da shara bisa kuskure."

Na ce, "Yaya, an yanke wa matar ƙafa."

Ya ce, "Na sani. Jiya ma na je dubiya."

Na tsaya ina kallonsa. Da gaske yake. Ya je asibiti da kwandon lemo da ayaba, ya zauna kusa da gadonta, ya yi addu'a mai tsawo. Ya gaya wa surukin Malam cewa sabon direba sai a hankali, a yi masa haƙuri, kowa da irin ƙaddararsa. Yana ba ni labari yana jin daɗin kansa. Wai har surukin ya raka shi bakin mota yana cewa irinsa sun yi ƙaranci a 'yan kasuwa.

Lemo da ayaba. Tir.

Na ce, "Na gaya maka ranar nan a ƙafa tsagar take."

Ya sha mur. "Ka gaya mini me? Ni makaniki ne? Na kawo maka wili, ka ce ka gyara, na ɗauka. Wa ya riƙe wutar waldar, ni ko kai?"

Ni na riƙe.

Alhamis, 13 ga wata, da rana

Ban ba 'yan gwangwan ba. Ban kuma san dalili ba. Na mayar da shi buhunsa na tura ƙarƙashin benci, ƙafata na taɓa shi duk lokacin da na zauna.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Na rufe shago na hau babur na je inda abin ya faru. Malam ya kwatanta mini, bayan gadar nan, daidai wani allon talla.

Ramin na nan. Ko mai keke ba zai rage gudu saboda shi ba. Na tsuguna na auna da hannu, zurfinsa bai kai yatsu uku ba. Na taka baya ina duba kwalta. Ga sawun nan ƙarara, inda ƙarfe ya karce titi, doguwar farar zana. Na ƙirga taku ashirin da uku daga inda ta fara zuwa bakin ramin. Ashirin da uku kafin ramin.

Jami'an da suka rubuta gudu ko sunkuyawa ba su yi ba. Na tsaya ina zaginsu a raina, sai na tuna ni waye, na daina.

A cikin ciyawar gefen hanya na ga tef ɗin awo, irin na teloli, rawaya. Ban ɗauka ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu

Ban je gidan Inna ba. Na ce ciwon kai.

Wani ya kawo wili huɗu na babbar mota, ƙujewa ce kawai a baki, yana son fenti. Na goga samfefa, na shafa fila, na ɗauki bindigar fenti. Da na ga azurfan yana rufe tabon, komai yana komawa sumul kamar ba a taɓa yi ba, sai na ajiye bindigar. Abin da nake alfahari da shi ke nan shekara da shekaru, a kawo mini mummuna in mayar da shi kyakkyawa, mai shi ya zo yana neman inda tabon yake ya rasa.

Na yi ta lissafin duk motocin Yaya da suka bi ta hannuna. Miƙewa, fenti, waldar leɓe. Ta ƙafa guda ɗaya ce tak. Ina ta maimaita wa kaina guda ɗaya ce, guda ɗaya ce, sai ka ce wani abin yabo.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta, ta rufe ƙofa. Yaya ya riga ni zuwa, ya ba ta labarin yadda yake so.

Ta ce, "Na ji kana neman tona wa kanku asiri."

Na ce, "Inna, wani bawan Allah ake zargi da abin da bai yi ba. Za a raba shi da matarsa."

Ta ce, "In ka yi magana ƙafar za ta tsiro?"

Na ce a'a.

"To me za ka samu? A kama ka, a kama yayanka, a rufe shagon, yaranka huɗu su ci me? Mutumin da ya ɗauke ka kana da majina a hanci, shi za ka kai wa 'yan sanda? Ku nemi gafarar Allah tsakaninku da Shi, ku yi wa matar alheri a ɓoye. Ni dai ban yarda ba. Ka ji na gaya maka."

Tana maganar tana gyara mini wuyan riga. Hannun da ya yi mini wanka. Ban taɓa jin ina so in janye jikina daga hannun Inna ba sai yau, kuma wannan ma ya sa na ji ƙyamar kaina.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu

Malam ya dawo kamar yadda na ce masa. Na hango shi tun daga kan kwana, na shige banɗakin bayan shago na kulle. Mutum mai furfura a gemu, a tsugune a banɗaki, yana toshe hanci, yana jin wani yana kwaɗa sallama a ƙofarsa. Minti ashirin ya yi yana jira. Na ji Mai Faci yana ce masa wataƙila na je sayen gas ne.

Da na fito Mai Faci ya ce, "Ya bar saƙo, wai ba komai, zai dawo Alhamis. Kai kuma tun yaushe gas ya koma banɗaki?"

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ya zo shago da kansa, abin da bai ƙara yi ba tun ranar ruwan saman nan. Ya ɗage rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Ya ce ina kayan. Na ce na bayar an narkar. Ya leƙa ƙarƙashin benci, ya buɗe durowa, ya zagaya baya ya tona tarin da ƙafa. Bai samu ba. Ya ce, "Yawwa, ko kai fa," ya tafi.

Bai samu ba don da safe na kai buhun shagon Mai Faci na cusa cikin tsofaffin tayoyi, na ce ajiya ce.

Bayan tafiyar Yaya, Mai Faci ya shigo riƙe da gutsuren ƙafar. Ashe ya buɗe. Ya kankare fentin da wuƙar faci, ya ɓamɓare filar. Ga waldar nan a fili, jere kamar ɗinki. Tsohon da bakinsa ba ya rabo da wasa ya ajiye ta a kan bencina, fuskarsa ba annuri.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Ɗinkin nan ko a duhu na shafa na san hannun."



Ya ƙara da cewa, "Ranar ruwan saman nan ne ko? Ina jin ku ta bango. Na ji kana cewa ba zai yi ba. Na ji shi yana cewa mai saye na zuwa da yamma, irin wilin ba a samu sai an aika wani gari. Sannan na ji giranda ta fara cin ƙarfe. Na ce a raina ƙila wani aikin ne."

Na ce, "Baba, me zan yi?"

Ya ce, "Ni faci na iya. Amma kada ka ƙara kawo mini ajiya irin wannan." Ya kai ƙofa ya juyo. "Shayin gobe ka nemi wani wuri."

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na gaya wa mutuniyar. Tana tsaye tana guga, yara sun tafi makaranta. Na faɗa tun daga farko, ban rage komai ba. Minti arba'in aikin waldar wilin ya ɗauke ni ranar. Na buɗe tsagar da giranda, na cike, na goge, na shafa fila, na fesa. Yaya ya duba ya rasa wurin, ya ce hannuna sai dai a yi masa addu'a. Kuma na ji daɗin yabon. Wannan ma na gaya mata.

Ta bar dutsen guga a kan rigar ɗanmu har ta ƙone. Ta ce, "Da ka ce mini mace ka ajiye a waje da ya fi mini sauƙi."

Ta zauna ta yi kuka. Ta ce tana tsoro, ba ta san yadda za mu yi ba in aka rufe ni. Sai kuma ta share fuska ta ce, "Amma ni ba zan iya zuba maka abinci kullum ina kallonka ina tuna matar nan ba. Ka zaɓa."

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku

Ƙarfe goma daidai ya zo. Ya ƙara ramewa. Na ba shi kujera, na ɗora gutsuren a kan benci tsakaninmu. Na nuna masa waldar. Na bayyana masa abin da ake yi wa walda da abin da ba a yi. Na ce wilin nan tsagagge ne tun kafin ya sayi motar, an liƙe an rufe da fenti, zafin waldar ya ƙara raunana ƙarfen, tafiyar wata ɗaya ta ƙarasa shi. Na gaya masa taku ashirin da uku.

Ya riƙe bencin da hannu biyu. "Wato ban yi gudu ba."

"Ba ka yi ba, Malam."

"Ƙarar da na ji gaskiya ce."

"Gaskiya ce."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Can ya ɗago ya kama hannuna yana godiya, yana cewa na fitar da shi daga rami. Sai ya ce, "Wane marar imani ne zai yi wannan aikin? A sana'arku kuna gane hannun juna?"

Ƙofa a buɗe take. Da na ce ban sani ba, da ya tafi yana sa mini albarka.

Na ce, "Ni ne."

Bai gane ba, sai da na maimaita. Na ce mai motar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo, ni na liƙa, kuma na san abin da nake yi lokacin da nake yi.

Ya saki hannuna. Ya dubi tafinsa, ya goge a jikin wando a hankali. Na ɗauka zai mare ni, har na so ya mara. Bai yi ba. Ya tattara gutsattsarin ya mayar buhu da kansa.

Ya ce, "Kwana goma kana da wannan amsar. Na zo nan Litinin."

Na ce ina banɗaki.

Ya ce, "Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. Gobe ƙarfe huɗu lokacin dubiya. Ɗaki na shida, hawa na biyu. Za ka faɗa a gabanta da gaban mahaifinta, da bakinka."

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na je. Ban riƙe komai a hannu ba.

Gado takwas ne a ɗakin, nata na kusa da taga. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai yadda na zata ba. An rufe ta da farin mayafi, gefe ɗaya ya tashi, gefe ɗaya ya kwanta tun daga gwiwa. Mahaifinta dattijo ne dogo, yana kan kujera ya juya wa Malam baya. Da muka shiga ko kallonsa bai yi ba.

Malam ya ce, "Baba, wannan mutumin yana da magana."

Na faɗa. Na faɗa duka, har da sunan Yaya, har da mai lemo da ayaba shi ne. Dattijon ya miƙe, ya ɗaga sandarsa, wata ma'aikaciya ta riƙe shi. Ya zage ni, ya zagi wanda ya koya mini aiki. Ban ji zafi ba, duk abin da ya faɗa na riga shi faɗa wa kaina.

Sai ya juya ya dubi Malam. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ɗana, na ɗauki alhakinka." Ya miƙa masa hannu. Malam ya durƙusa ya kama da hannu biyu.

Ita kuwa tana kwance duk tsawon lokacin. Tana ta kallona. Da aka lafa ta ce in matso. Na matsa.

Ta ce, "Maigida, kana da mata?"

Na ce ina da ita.

"Da motar da za ta shiga ce, za ka liƙa?"

Na ce, "A'a."

Ta gyaɗa kai. "To. Abin da nake so in ji ke nan. Ka tafi."

Ta juya fuskarta wajen taga. Na fita.

Lahadi, 23 ga wata, da rana

Yaya ya kira sau tara, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo, wai daga yau ba shi da ƙane. Inna ba ta kira ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malam ya shigar da ƙara. An kira mu ofishin 'yan sanda, ni da Yaya, aka zaunar da mu a benci ɗaya. Ya matsa can ƙarshe, turarensa ya cika ɗakin. A gaban jami'in ya rantse bai san komai a kan tsaga ba, shi dai fenti ya kawo a yi. Bai ko ƙifta ido ba.

Muna nan sai ga Mai Faci ya shigo da rigarsa ta zuwa biki, wadda ta yi masa yawa. Ban kira shi ba. Bai gaishe ni ba. Ya ce wa jami'in bangon da ke tsakanin shagonsa da nawa na langalanga ne, kuma kunnensa lafiya lau.

An rubuta nawa jawabin shafi biyu. Jami'in ya karanta mini, ya ce, "Ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani. Ya miƙo biro na sa hannu.

An ba da belinmu, sai ranar da aka kira kotu. Mutuniyar na jira a waje cikin rana tun safe. Ta ce, "An gama?" Na ce an fara dai. Ta karɓi makullin shagon daga hannuna ta sa a jakarta, muka tako zuwa bakin titi.